Ƙwaƙwalwa Sabuwa Ga Tsohon Injin Yaya

Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa, ban taɓa zaton zan sa baki a zancen inji ba. Abin da ya jawo ni shi ne ma'asarar yayana, wato wurin matsar man riɗi, a nan Ƙala'at an-Nahal. Da ita ake ciyar da gidaje uku, har da nawa idan albashi ya makara.

Injin ya girmi 'ya'yanmu duka, amma ƙarfensa lafiya lau. Ciwon yana cikin akwatin wutarsa, inda tsofaffin makunnai da agogunan lokaci suka sha ƙurar habub har suna maƙalewa. A kakar 2023 matsewar ta cushe, abin zuba riɗi bai tsaya ba, yaron da ke gadi ya tafi shan shayi, wayar cikin injin lantarkin ta ƙone. Kwana 12 muka yi ana sake naɗi a Gadarif, a daidai lokacin da manoma ke kawo riɗi, masu dabbobi kuma suna jiran umbaz.

A shekarar ne yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu ya koro wani tsohon ɗalibina gida daga Bahri, inda yake aikin wuta a masana'anta. Ya duba akwatin ya ce, "Ustaz, ba sabon inji kuke bukata ba, PLC kuke bukata." Ya ce wata 'yar kwamfuta ce da ba ta fi bulo ba. Ana haɗa ta da maɓallai da na'urorin jin zafi da nauyin aiki, a rubuta mata doka: kada a zuba riɗi sai matsewa ta kama gudu, idan nauyi ya yi yawa a tsai da zubi nan take. Ya ce a Amurka aka ƙirƙiro ta wajen 1968, don kamfanin motoci na General Motors ya gaji da sake ɗaurin wayoyi duk lokacin da ya canja ƙirar mota.

To, wacce za a saya? A nan aka yi gardama. Yaya ya ji labarin wasu marasa suna masu arha ƙwarai, ya ce su yake so. Wani dillali kuma ya dage sai Siemens S7-1200. Ɗalibina ya ce wannan ta ƙwarai ce, amma ta fi ƙarfin aikinmu, kuma sai da kwamfuta da manhajarta ta kuɗi. Ya ba ni alli ya ce in ƙirga a bango. Abubuwan da za su ba ta labari guda 6 ne, waɗanda za ta kunna guda 3. Ƙaramar Siemens LOGO! tana da mashiga 8 da mafita 4. Delta ta Taiwan ma ta isa, manhajarta kuma kyauta ce.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Akwai wani mai injin tankaɗe da na sani, an sa masa irin wannan na'ura shekarun baya, mai sa ta ya kulle dokar da kalmar sirri ya bar ƙasar. Ranar da ta sami matsala, babu wanda ya iya buɗewa, sai cire ta aka yi aka jefar. Shi ya sa na ce wa Yaya, "Yaya, yaron nan baƙo ne a gidansu, ran da hanya ta buɗe zai koma. Mu sayi wadda za mu iya karantawa bayan ya tafi." LOGO! tana da ɗan allo da maɓallai a fuskarta, ana iya gyara lokaci ba tare da kwamfuta ba. Ta fi Delta tsada a wajen mai kawo mana, Yaya ya yi kwana biyu ba ya amsa mini gaisuwa da kyau, sannan ya sayar da buhunan dawa ya biya.

Ɗalibina ya sa ta cikin akwati mai rufi, nesa da zafin matsewa, don iyakarta digiri 55 ne, ɗakin kuwa a watan Afrilu ba ya wasa. Ya sa mata abin kariya daga hawa da saukar wuta. Maɓallin tsayawar gaggawa bai bi da shi ta cikinta ba, kai tsaye yake yanke wuta. Ya ce hannun mutum ba a damƙa shi ga kwamfuta.

Na sa shi ya zauna kamar zamanin aji, ya yi mini shifta. Dokar layi 14 ce, na rubuta ta cikin littafin makaranta da Hausa da Larabci, kofi ɗaya a ma'asara, ɗaya a gidana. Ya koma bakin aikinsa bara. Da kakar bana matsewar ta cushe sau biyu, zubi ya tsaya da kansa. Ɗan Yaya mai shekara 16 ne ya buɗe littafin, ya ƙara daƙiƙa biyar a layi na huɗu.