Tauraro Ɗaya, Ƙofofi Uku

Ƙarfe biyun dare ya same ta a gaban kwamfuta, man janareta ya kusa ƙarewa. Ta yi wa wata ƙungiyar makarantu alƙawarin cewa kafin ranar fitar da sakamakon jarrabawa kowace makaranta za ta samu shafinta, sunanta a gaba, na ƙungiyar a baya. WordPress ta iya wannan tun 2010, lokacin da siga ta 3.0 ta ba da damar ɗora shafuka masu yawa a kan tushe guda. Sai dai duk shafin da ta ƙirƙira, idan ta neme shi a intanet, babu shi babu dalilinsa.

Ta ɗora wa manhajar laifi, alhali matsalar a waje take. Kafin baƙo ya iso, ƙofofi uku zai wuce. Ta farko ita ce DNS, rajistar da ke haɗa suna da adireshin saba. Maimakon rubuta kowace makaranta, alamar tauraro (*) ake sa wa, wadda ke nufin duk sunan da ba a rubuta shi daban ba a kai shi nan. Ta biyu sabar ce kanta: a cPanel ake buɗe reshe mai suna *, a nuna masa babban fayil ɗin da WordPress ke zaune, galibi public_html. Ta uku takardar tsaro ce. Let's Encrypt ta fara bayar da mai tauraro kyauta a 2018, amma sai an tabbatar da mallakar sunan ta hanyar DNS. In babu ita, gargaɗin haɗari ne zai tarbi iyayen yara.

Biyun farko ta buɗe su kafin asuba. Ta ukun ta gagara, domin sabar haɗaka gidan haya ce: ɗakin naka ne, makullin zaure yana hannun mai gida. Kamfanin ya amsa mata cewa ƙaramin tsarin da ta biya bai ƙunshi hakan ba.

Ta yi lissafin kuɗin ƙarin da kwanakin da suka rage, ta ga babu mafita sai ta nema wa kowace makaranta takardarta, ɗaya bayan ɗaya. Shafukan sun tashi ana gobe fitar da sakamako. Tun daga ranar, kafin ta ɗauki alƙawarin kowa, sai ta fara tambayar mai gida makullan da zai damƙa mata.