Wata da Burtali

Duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban, mahaifina kan kai mu bayan gari, mu tsaya a tsohon burtalin da ke yamma da unguwarmu a Jahun, muna duban jinjirin wata. Ko mun gani ko ba mu gani ba, sai mu koma gida mu kasa kunne ga rediyo, muna jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato.

A 2025 mun ɗauki azumi ran Asabar, 1 ga Maris. Washegari na ji labarin cewa wani kumbo mai suna Blue Ghost ya sauka a duniyar wata lafiya lau. Kumbon mallakar kamfanin Firefly ne na jihar Texas a Amurka, kuma hukumar NASA ta biya shi kuɗin dakon na'urori goma, kamar yadda ɗan kasuwa ke biyan mai mota. A Fabrairun 2024 ma kumbon Odysseus na kamfanin Intuitive Machines ya sauka, sai dai ya kishingiɗa. Abin da ya fi jan hankalin masu wannan harka shi ne ƙanƙarar da ke cikin ramukan kudancin wata, domin daga ruwanta za a iya samun iskar shaƙa da makamashin roka.

Da na ji haka, burtalinmu ne ya faɗo mini a rai. Yau ya ƙanƙance har shanu biyu ba sa jerawa a cikinsa. Ba a rana ɗaya aka cinye shi ba. Kowace damina mai gona kan ƙara kunya ɗaya, yana cewa ai fili ne na kowa. Gonarmu ma ta ci nata rabon, kuma ni na riƙe wa mahaifina garma a shekarar. Yanzu idan makiyaya suka rasa hanya suka bi ta cikin gero, sai rigima ta tashi har gaban hakimi.

Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta haramta wa kowace ƙasa mallakar wata. Amma a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ce abin da kamfaninta ya haƙo a can nasa ne, Luksambok kuma ta bi sahu a 2017. Wato fili na kowa ne, amfanin gona kuwa na wanda ya riga kai garma.

Ba na ƙin cinikin samaniya. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 tun 2003, kuma ita ce ƙasar Afirka ta farko da intanet ɗin Starlink ya fara aiki a cikinta, a 2023. A Disambar 2022 mun sa hannu a yarjejeniyar Artemis tare da Ruwanda. Mun samu wurin zama a tabarma ke nan, kuma ina fata wakilanmu za su nemi a kafa iyaka tun kafin a fara haƙa, domin mun ga yadda burtali ke ƙarewa.

Bana na kai ɗana duban wata a wurin da mahaifina ke kai mu. Ya tambaye ni dalilin da ya sa ake kiran wannan siririyar hanya burtali. Na nuna masa tsamiyar da a da take bakin iyaka, wadda yanzu take tsakiyar gonarmu, na gaya masa yadda aka yi.