Ɗaga Ƙarfe da Sukarin Jinin Samarinmu

Tun asali Bahaushe mai girmama ƙarfi ne. Shi ya sa ake yi wa ɗan kokawa kirari, ake yi wa manomi kiɗan gayya, Ɗan Anace kuma ya ɗaukaka Shago da waƙa har sunansa ya gama ƙasar Hausa. A yankinmu, watau Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da can saurayi ba ya zuwa neman ƙarfi a wani wuri, aikinsa na yau da kullum shi ke ba shi. Da damina ya yi huɗa da galma, da kaka ya ɗauki dami, ran Alhamis ya yi dako a kasuwar Shinkafi. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura a 1929, kakanninmu da yawa a kan lodin buhunan gyaɗa da auduga suka gina ƙirjinsu.

To, wancan zamani ya shuɗe. Lodin gyaɗa ya ƙare, sa'an nan fitinar 'yan bindiga ta raba mutane da gonakinsu na nesa, har a 2021 aka rufe kasuwannin mako na jihar Zamfara na wani lokaci. Samarin ƙauyuka sun taru a gari. Wanda ya saba wuni da fartanya ya koma wuni a kan babur ko a teburin mai shayi, cinsa bai ragu ba, aikin jikinsa kuwa ya ragu. A cikin irin waɗannan samari ne ɗaga ƙarfe ya sami karɓuwa. Sukan cika manyan gwangwanaye biyu da siminti, su soka sandar ƙarfe a tsakani, su taru a wani kango da la'asar, kowa yana so a ce shi ya ɗaga mafi nauyi.

Ƙanena yana cikinsu. Baffanmu kuwa ya daɗe da ciwon sukari, yana da 'yar na'urar nan da ake ɗiga mata jinin yatsa ta faɗi yawan sukari. A hutun da ya wuce, don wasa kawai, muka sa sabuwar allura muka auna yaron kafin ya tafi kango. Ya je ya yi ta kokawa da ƙarfen da ya fi kowane nauyi, irin wanda ba ya iya ɗagawa fiye da sau biyu ko uku a jere, ya dawo yana haki. Muka sake aunawa, sai ga sukari ya hau, alhali ko ruwa bai sha ba. Baffa ya riƙe baki ya ce, "Ashe wanga ƙarfe naku sukari shika ƙara ma mutum?" Yaron ya dube ni a tsorace ya ce, "Yaya, ko ni ma na kamu?" Bayan kwana biyu muka tafi wata 'yar gona ta bakin gari, ya yi wajen sa'a guda yana noma a natse. Da muka auna, sai muka ga ya sauka ƙasa da yadda ya fita da shi.

Wannan al'amari ya tsaya mini a rai. Da na komo makaranta na tuntuɓi abokaina masu karatun likita, na kuma duba littattafansu, ga abin da na samo.

Duk tuwo ko fura ko burodin da mutum ya ci, jiki yakan mai da shi wani irin sukari da ake kira gulukos, ya zuba shi cikin jini. Akwai wani sinadari mai suna insulin, wanda Banting da Best suka fitar a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka. Tsoka ita ce babban rumbu, domin ita ke kwashe mafi yawan sukarin da ya shiga jini bayan cin abinci. A jikin baligi takan ajiye kimanin giram 400, hanta kuma kimanin giram 100. Abin sha'awa shi ne, tsokar da ke aiki takan buɗe ƙofofinta da kanta, ko da insulin bai ƙwanƙwasa ba. Dalili ke nan da noman sa'a guda ya saukar da sukarin ƙanena.

Saura batun hawan. Masana sukan auna tsananin ɗaga ƙarfe da nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya tak ya kasa maimaitawa. Alal misali, in iyakar ƙarfin saurayi kilo 60 ne, to, kilo 30 zuwa 40 matsakaici ne a gare shi, zai ɗaga shi sau goma ko sha biyar. Kilo 50 zuwa sama kuwa ya zama mai tsanani. Sa'ad da mutum ya tunkari nauyin da ya kusa iyakarsa, jiki yakan ɗauka faɗa ne ya taso, sai ya saki wani sinadari mai suna adirinalin, irin wanda ke sa gaban ɗan dambe faɗuwa in ya ji kalangu. Shi kuma sai ya umarci hanta ta buɗe rumbunta. Hanta takan zubo sukari fiye da abin da tsoka ke iya kwashewa a lokacin, saboda haka sai ya taru a jini. Ga mai lafiya wannan hawa na ɗan lokaci ne, cikin sa'a ɗaya ko biyu ya koma daidai. Ashe ƙanena bai kamu da kome ba, lokacin aunawar ne ya tsorata mu.

Ribar gaske kuwa tana zuwa daga baya. Tsokar da ta yi aiki ta ci ajiyarta, don haka takan yi kwana ɗaya zuwa biyu tana jan sukari daga jini don ta cika rumbu, kuma a wannan tsakani insulin kaɗan ya ishe ta. Bayan nan ribar takan dushe. Watau wanda ya kashe kansa da nauyi ran Juma'a ya kwanta har wata Juma'ar, ya ci ribar kwana biyu ya yi asarar biyar. Wanda kuwa ke ɗaga matsakaici yau, ya huta gobe, ya koma jibi, kullum yana cikin riba, tsokarsa kuma tana ƙaruwa, rumbu yana faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ba da shawarar baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, haɗe da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici. Manomin Zurmi na da ya kan ninka wannan ba tare da ya san da wata hukuma ba. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Akwai abubuwa uku da nake jiye wa samarinmu tsoro. Na ɗaya, da an tashi daga kango sai teburin mai shayi ko lemon kwalba, alhali kwalba guda tana ɗauke da kusan cokali tara na sukari. Na biyu, wanda ciwon ke cikin danginsa, irinmu, kada faɗin ƙirji ya ruɗe shi. In ya ga yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ya je asibiti a auna shi da safe kafin ya ci kome, domin 126 zuwa sama a ma'aunin miligiram alama ce ta ciwon, in an maimaita aka sake samu. Na uku, mai ciwon da ke shan magani ko yin allurar insulin, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 sa'o'i bayan aiki, ko da cikin barci ne, ya kama rawar jiki da zufa har ya suma. Irin wannan, da mai hawan jini, kada su taɓa ƙarfe sai da shawarar likita. Da azumi kuma a bari sai an sha ruwa.

Wani zai ce ina ruwan ɗalibin Hausa da aikin likitoci? Ruwansa ƙwarai. Duk wannan bayani cikin Turanci na same shi, samarin kango kuwa galibinsu ba su jin Turanci. In mu da malamanmu ba mu zauna da likitoci mun samar wa waɗannan abubuwa sunaye na Hausa ba, muka kai su rediyo da makarantu, to, ilmin zai tsaya a cikin jami'a, ciwon kuwa ya shiga gari. Ina roƙon wannan ƙungiya tamu ta sa batun cikin ayyukanta na bana. Allah ya ba mu lafiya, ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, samari su koma gona. Amin.