Gabi: Garin Noma, Dandali da Kokowa

Gabi gari ne a kudancin Maradi, cikin yankin Madarunfa, kusa da iyakar Najeriya. Gulbin Gabi na ratsa ƙasar da damana, yana kai ruwa tabkin Madarunfa. Dajin Babban Rafi na nan kusa. Mutanen wurin manoma ne da makiyaya. Suna noman hatsi, dawa, wake da gujiya. Fulani na kiwon shanu a bakin daji.

Wanda ya zauna da tsofaffin Gabi a zaure zai ji abu uku a bakinsu: kaka, dandali da kokowa. Abubuwan nan uku tare suke tafiya.

In an gama girbi, an sa dammai a rumbu, wata ya yi haske, sai a ji kalangu. Ƴan mata su fito dandali da sabbin zannuwa. Samari su zo da fitila da goro. Sarkin samari ne ke lura da wurin, don kada a yi faɗa ko rashin kunya. Saurayi ba ya tsayar da budurwa a hanya. Ƙanenta yake aika ya kira ta. Su yi zance a ƙofar gida, inda kowa ke ganinsu. Ranar kasuwa ya kai mata toshi: sabulu, turare ko ɗankwali. In maganar ta yi ƙarfi, manya su shiga.

Iyaye kuwa ba su duba baki mai daɗi. Suna duba aiki. Sun ga yaron a gayya, sun ga kuyyar da ya nome. Sun gan shi a fagen kokowa, sun san halinsa in ya kayar, sun san halinsa in an kayar da shi. Wanda ya sha kaye ya tashi ya ba abokinsa hannu, ana cewa zai iya riƙe gida. Wanda ya yi fushi ya jawo faɗa, ana jinkirta ba shi mata.

Kokowar kaka ta ƙauye da ƙauye ce. Makaɗa na kiɗa, ƴan kokowa na kirari, an ɗaure guraye da layu. Ladar ba ta da yawa: goro, ɗan kuɗi, wani lokaci akuya. Babbar lada ita ce guɗar mata, da sunan da mutum zai koma gida da shi.

A shekarar 1975 abin ya canza. Gwamnatin Seyni Kunce, wanda ya hau mulki a watan Afrilu na 1974, ta shirya kokowar ƙasa ta farko a Tawa. Jahohi suka aika da ƙarfafansu. Wanda ya ɗauki takobin farko shi ne Yakuba Ango, da ake ce ma Kantu, ɗan jahar Maradi. Shi ya sa filin kokowa na birnin Maradi ke ɗauke da sunansa.

Labarin nan ya zo a kan gaɓa. Jama'a na fitowa daga yunwar 1973 da 1974. Bisashe sun mutu, rumbuna sun yi fayau, an ɗage aure da yawa. A gidajen Gabi tsofaffi na tuna yadda ake kewaye rediyo ɗaya, unguwa guda, ana sauraren kokowa. Daga nan yaran ƙauye suka gane cewa wasan da suke yi a rairayin gulbi yana iya kai mutum gaban shugaban ƙasa. Kakanni mata da yawa da wannan suke lissafin aurensu. Ba su cewa shekara kaza. Sai su ce kafin takobin Kantu, ko bayan takobin Kantu.

A zamanin nan ne aka raya samariya. Samari da ƴan mata suka yi gonar gayya, suka gina azuzuwan lakwal da zana, suka share gari. Da dare wasu su tafi ajin yaƙi da jahilci. Saurayin da ya koyi rubutu ya huta da neman mai rubuta masa wasiƙa. Sirrinsa ya zama nasa.

Wahala ta sake dawowa a 1984. Ruwa bai zo ba, Najeriya kuma ta rufe iyaka har zuwa 1986. Ga garin da ya saba da kasuwar Jibiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Samari da yawa suka tafi cin rani, dandali ya yi sanyi.

Daga baya wata masifa ta zo. Tun wajen 2019 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi ƙauyukan bakin iyaka na yankin Madarunfa. Inda ake tsoron dare, ba a kiɗan dare. In babu dandali, yara ba su san juna a gaban manya ba. In babu fage, yaro bai koyi shan kaye da haƙuri ba.

Kokowar ƙasa dai tana nan. Jahohi takwas ke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa goma. Amma kowane mai takobi a rairayin ƙauyensu ya fara.

To, manoma da makiyaya, ga shawara. In dare bai yiwuwa, a yi wasa da la'asar. Mai gari ya ware fili, tsofaffin ƴan kokowa su koya wa yara, manya su zauna su gani. Wanda ya iya rubutu kuma ya sami takarda, ya zauna gaban kakarsa da kakansa. Ya rubuta sunayen ƴan kokowar garinsu, da makaɗansu, da shekarun da aka yi wasa. Abin da ke baki yana bin mai shi kabari. Abin da aka rubuta yana jiran jikoki.