Malamin da ba ya gyara

A ƙarƙashin gadon Malam, a gidansa na unguwar Bagalam cikin Maraɗi, akwai wani akwatin ƙarfe, a cikin akwatin kuma akwai kaye goma sha huɗu da ya cika da hannunsa tsakanin 1994 da 2010. A waɗannan shekaru yana Yamai, yana koyar da Hausa ga ɗaliban wata jami'ar Amurka da ke aiko da ƴaƴanta su yi zango ɗaya na karatu a Nijar. Sukan sauka da fararen ƙafafu da manyan jakunkuna, a raba su gida biyu, wasu su ɗauki Zabarmanci wasu su ɗauki Hausa, bayan wata huɗu su koma da suna na Hausa da ɗan abin da kunne ya riƙe.

Malam bai taɓa yarda cewa aji ne ke koyar da harshe ba. Awa guda yakan yi da su gaban allo da safe, daga nan sai ya danƙa wa kowa jikka ɗaya, ya tura shi kasuwar Wadata ya sayo tumatir da tattasai, da sharaɗin ya dawo da canji da kuma labari. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai a bakin kasuwar, kowa Inna yake ce da ita, wadda ba ta sayar wa wanda bai gaishe ta ba, ko da kuwa ya miƙo kuɗin har gaban hancinta. Sai ta ci gaba da juya ƙosanta kamar ba a yi ruwan mutum a wurin ba. Ɗalibai da yawa sun dawo daga wurinta da hawaye, kuma babu wanda ya sake mance gaisuwa. Da maraice Malam yakan zauna ya rubuta abin da ya faru: me ɗalibi ya ce, me Inna ta mayar masa, ina harshe ya karye. Da haka kayen suka cika.

A watan Janairu na 2011 aka sace wasu samari biyu Faransawa daga wani gidan cin abinci a tsakiyar Yamai, washegari aka sami labarin mutuwarsu. Cikin ƴan kwanaki hukumar Peace Corps, wadda ke aiki a ƙasar tun 1962, ta kwashe ma'aikatanta. Ɗaliban da Malam ke jira ba su zo ba, ba su kuma sake zuwa ba. Aka ba shi takardar godiya mai kyawun rubutu, ya tattara iyalinsa ya koma Maraɗi, ya kama koyar da Ingilishi a wata lakwal mai zaman kanta.

Shekara tara bayan haka, a cikin 2020, annobar korona ta sa jami'o'in Amurka suka kira ɗalibansu gida daga ko'ina a duniya. Ofisoshin da ke kula da karatun waje, waɗanda duk sana'arsu tafiya ce, suka wayi gari babu inda za su tura kowa. Shawarar da jami'ar ta yanke ita ce a tattara dukkan malaman cibiyoyinta na ƙetare a kan dandalin karatu guda ta intanet, kowa ya ɗora darussansa a can. A cikin ma'aikatan ofishin akwai wata da ta taɓa kuka a gaban Inna. Ta rubuto masa, ta fara da ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina labari, sai a layi na biyar ta faɗi abin da ke tafe da ita. Malam ya karanta ya yi murmushi, ya amsa mata da cewa: "Ɗiyata, na ga ba ki zubar da tarbiyya ba."

Dandalin Moodle ne, kuma tarihinsa ya burge Malam. Wanda ya ƙirƙiro shi, Martin Dougiamas, ya tashi ne a cikin hamadar yammacin Ostiraliya, inda yake karɓar darasi ta rediyo daga malamin da ke nesa da shi ƙwarai. A 2002 ya fitar da manhajar, ya bar ta kyauta ga duk mai so. Ɗan hamada, in ji Malam, ya san abin da ake nufi da nisa. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage, tunda tun 1964 ta gwada koyar da yara ta talabijin. Kuma ya kamata a yi wa ofishin adalci: abin da yake nema ba son zuciya ba ne. A da kowace cibiya tana tafiya ne da tsarinta, sakamakon jarrabawa yana isowa a makare, wani lokaci babu wanda ya san abin da aka koyar a zangon. Dandali ɗaya yana nufin jadawali ɗaya, maki a wuri ɗaya, da darasin da ba ya ɓacewa don malami ya bar aiki.

Horon da aka ba malamai zama uku ne, ƙarfe goma na safe a gabashin Amurka, wato ƙarfe uku na rana a Maraɗi, lokacin da rezo ke rarrafe. Megan da ya ci daga aljihun Malam ya fita. Wannan bai dame shi ba; wanda ya koyar a aji mai yara tamanin ba ya kuka da irin wannan.

Abin da ya tsaya masa a rai ya bayyana ne ranar da ya fara shiga shafin darasinsa. A Moodle kowa yana da matsayi: akwai mai kula da tsari, akwai malami, akwai ɗalibi, akwai baƙo. Tsakanin malami da ɗalibi kuma akwai wani matsayi da ake kira malamin da ba ya gyara, wanda yake ganin darasi, yake duba aikin ɗalibai ya ba da maki, amma ba shi da ikon ƙara komai ko sauya ko da wasali ɗaya. A nan aka ajiye Malam. Dalilin ba ya da wuyar fahimta. Sunayen malamai daga rajistar ma'aikatan jami'a ake ɗauko su, shi kuwa a duk shekarunsa goma sha shida a Yamai cibiya ce ke biyansa hannu da hannu, ya sa hannu a takarda. Bai taɓa samun lambar ma'aikaci ba. Saboda haka aka rubuta darasin da sunan wata farfesa ta can, mace mai kirki wadda ba ta jin Hausa, shi ya aiko da darussa, a ɗora masa.

Babu wanda ya yi niyyar cin mutuncinsa, kuma wannan ne ya fi ciwo. Na'ura ba ta ƙirƙiri bambancin ba, rubuta shi kawai ta yi. A Yamai ma haka abin yake tun asali, sai dai shan shayi tare da kiran "Malam" da daraktoci ke yi masa sun lulluɓe shi. Yanzu ga shi a rubuce ƙarƙashin hotonsa, inda kowane ɗalibi zai gani.

Jarrabawar mako na biyu ta nuna abin da matsayin ke nufi. An tambayi jam'in kalmar ɗa. Malam ya rubuta amsa da ƙa'idar Nijar, wato ƴaƴa, da harafi mai lanƙwasa. Ɗaliban kuwa littattafan da ke hannunsu da ƙa'idar Najeriya aka buga su, suka rubuta 'ya'ya. Na'ura tana kwatanta abin da ɗalibi ya rubuta ne da amsoshin da aka ba ta, don haka ta kayar da su duka. Gyaran aikin minti biyu ne, a ƙara amsa ta biyu a cikin waɗanda aka yarda da su. Malam ya ga kuskuren da daddare, yana kallonsa, hannunsa ba ya kai wa. Kwana tara aka yi kafin saƙonsa ya bi ta ofishi ya isa ga mai ikon taɓawa. A wannan jarrabawar dai akwai tambaya a kan "Ina kwana?" da zaɓi huɗu, kuma kowa ya zaɓi "Lafiya lau", kowa ya ci. Malam ya dubi jerin makin ya tuna da Inna. Sanin amsar gaisuwa daban, iya gaisuwa daban: wa ke farawa, sau nawa ake kewayawa, yaushe ake sassauta murya, yaushe ake russunawa, yaushe ne kuma ya halatta a shiga zance. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga zaɓi huɗu.

Ana cikin haka takardar yarjejeniya ta iso. A shafi na uku akwai sakin layi mai cewa duk abin da aka ɗora a dandali ya zama mallakar jami'a. A daren nan Malam ya jawo akwatin ya buɗe. Uwargidansa tana zaune a bakin gado tana kallonsa yana juya shafuka.

"Malam, ka sa hannu mana," in ji ta. "Kayen nan shekara goma suna nan. In ba ka ba su ba, gara ce za ta ci su, ita kuwa ba ta biya."

Maganarta tana da nauyi, domin akwai kuɗin lakwal na yara uku, kuma gefen kaye biyu ya riga ya zama gari. Ya ce da ita ba rowa ce ta hana shi ba. Abin da ke cikin kayen ba nasa ba ne shi kaɗai da zai sayar. Rabinsa daga bakin Inna ya fito, da mai shayin ƙofar cibiya, da maƙeran azurfa da dukawan gidan tarihi na ƙasa, da matan gidajen da suka sauki ɗalibai suka koya musu cin tuwo da hannun dama. Su ne suka yi mafi yawan koyarwar, shi ya bi bayansu da alƙalami. A Yamai ba a taɓa rubuta sunansu cikin malamai ba, amma aƙalla suna nan, ana ganinsu, ana kai musu tsaraba ranar ban kwana. A dandali kuwa babu ko gurbin da za a sa su.

Ta ce, "To ka faɗa musu haka. Ni ka ke faɗa wa?"

Ya rubuta wa ɗiyar tasa doguwar wasiƙa da buƙatu uku: a ba shi ikon gyara darasinsa, a bar masa haƙƙin abin da ya rubuta, a kuma ware wani abu don mutanen da zai haɗa da ɗalibai. Ita ta yi ta yawo da wasiƙar daga ofishi zuwa ofishi. Ta farko an biya ta bayan wata huɗu, da aka samo masa wani laƙabi na malamin wucin gadi mai zuwa da lamba. Ta biyu lauyoyi suka ƙi taɓa sakin layin, sai dai sun ƙara jimla guda mai ba shi damar buga darussansa a Nijar in ya so. Ta uku an same ta ta bayan gida, daga wani ɗan kason kuɗi da aka tanada don baƙin masu jawabi. Bai sami duk abin da ya nema ba, ya sa hannu.

Abu na farko da ya yi da sabon ikonsa shi ne goge tambayar "Ina kwana?". A madadinta ya haɗa kowane ɗalibi da mutum guda a Maraɗi: wata mai kayan miya a babbar kasuwa, wani tela, wani ɗan kabu-kabu, wani tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya. Sau ɗaya a mako ɗalibi zai kira abokin zancensa ta wayar salula su yi minti goma, da izinin mutumin a naɗi muryar, a ɗora a dandali, Malam ya saurara ya yi sharhi. Kowane zama jikka biyu ne ga mai amsa kira. A nan dandalin ya yi abin da kaye bai taɓa iyawa ba, domin ɗalibi yana iya komawa ya ji kuskurensa da kunnensa sau goma, kuma muryar mai kayan miya tana nan da karinta da dariyarta, ba fassarar Malam ba. A mako na uku wani saurayi ya kira ta ya faɗa kai tsaye cikin tambayar kuɗin albasa. Ta kashe wayar. Ya rubuto a firgice cewa layi ya yanke. Malam ya saurari daƙiƙa goma sha ɗayan da aka naɗa, ya amsa masa cewa layi lafiyarsa lau, ya sake kira gobe ya fara daga inda ake farawa.

Da ɗalibai suka koma tafiye-tafiye bayan annoba, Nijar ba ta dawo cikin jerin wuraren da jami'ar ke turawa ba, don haka darasin ya ci gaba a dandali. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar, aka yi watanni ana fama har bayan ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Dandali yana ƙidaya ranakun da mutum bai shiga ba, kuma wata safiya saƙo ya iso wa Malam, wanda na'ura ta rubuta da kanta, yana tunatar da shi cikin ladabi cewa kwana goma sha ɗaya ba a gan shi ba. Ya sayi ƙaramin allon hasken rana da batir daga kuɗin zangon.

Zuwa yanzu ya juye kaye shida cikin goma sha huɗu. A na bakwai ne ya tarar da hirar da ya fi so, wadda Inna ta tsare wata ɗaliba da gaisuwa har zagaye bakwai kafin ta zuba mata ƙosai, ta kuma ƙara mata gyara. Ya buga ta duka a kwamfuta. A saman kowane darasi ya saba rubuta sunan wanda maganar ta fito daga bakinsa, sai ya ɗora yatsunsa zai rubuta, ya tsaya. Shekara goma sha shida yana tura mata ɗalibai, yana cin ƙosanta, kuma bai san sunanta na yanka ba. Ta rasu tun kafin annoba. Ya rubuta "Inna mai ƙosai, Wadata", ya bar darasin a ɓoye yadda ɗalibai ba za su gan shi ba tukuna, sannan ya ɗauki waya ya kira tsohon mai gadin cibiya a Yamai. Bayan sun gama gaisawa ya roƙe shi ya leƙa bakin kasuwa, ko cikin jikokinta akwai wadda ta gaji kaskon.