Mutumin da ke Gabanka: Darasin Dattijon Plains

Ranar Alhamis 20 ga Agustan 2015, wani dattijo ɗan shekara 90 ya shigo ɗakin taro a birnin Atlanta sanye da kwat da wandon jins, ya zauna gaban 'yan jarida. A farkon watan likitoci sun yanke wani ɓangare na hantarsa, daga baya hoto ya nuna cutar daji ta kai ƙwaƙwalwa a wurare huɗu. 'Yan jarida sun zo da fuskar jaje, shi kuwa murmushi yake ta yi. Ya ce sa'ad da aka faɗa masa ya ɗauka 'yan makonni suka rage masa, amma shi kansa ya yi mamakin yadda hankalinsa ya kwanta. Ya ce ya sha daɗin rayuwa, ya yi dubban abokai, sauran kuma yana hannun Allah. Sannan ya ƙara da cewa ranar Lahadi zai koyar da darasi a majami'arsu kamar yadda ya saba.

Jimmy Carter ke nan, shugaban Amurka na 39. Lahadin kuwa ya cika alkawari. Majami'ar Maranatha ta 'yan Baptis da ke ƙauyen Plains a jihar Jojiya ƙarama ce, masu zuwa kullum 'yan gommai ne, amma ranar ɗaruruwan baƙi suka yi sammako suka ja layi. Bai ɓata lokaci kan ciwonsa ba. Ya buɗe Linjila ta hannun Matiyu, sura ta biyar, inda Yesu Almasihu ya umarci mabiyansa su ƙaunaci maƙiyansu, ya ce a nan zuciyar addinin take.

Wanda ya bi maganganunsa na tsufa zai ga abu guda yake ta nanatawa, a littattafai da bakin allo: kwanciyar ran da mutane ke gani a fuskarsa ba a fadar White House ya samo ta ba. A wasu ƙananan wurare ya tsinto ta, kuma yakan ambace su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne gadon jinyar mahaifinsa. An haifi Carter ranar 1 ga Oktoban 1924, ya tashi a Archery, wani ƙauyen manoma da ba lantarki ba famfo, inda akasarin maƙwabta baƙar fata ne. Tun yana ɗan shekara biyar yake tallar dafaffiyar gyaɗa a titin Plains. Da ya girma ya bar gona ya zama hafsan sojan ruwa, yana aiki a sashen jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku, kuma tauraronsa na haskawa. A 1953 aka kira shi gida, mahaifinsa Earl ba lafiya. Yana zaune kusa da shi, sai ga mutane suna ta sallama, farare da baƙaƙe, kowa da labarin wani alheri da tsohon ya yi masa a ɓoye, wanda ko iyalinsa ba su sani ba. Carter ya sha faɗin cewa a nan ya tambayi kansa: in shi ne ya mutu yau, wa zai zo? Bayan jana'iza ya ajiye kaki ya koma noman gyaɗa.

Sai dai ya yanke shawarar ba tare da ya tuntuɓi matarsa Rosalynn ba, alhali ita ta ji daɗin barin ƙauye. A doguwar tafiyar komawa gida da ƙyar take yi masa magana. Da ya tsufa bai ɓoye wannan laifi ba, yakan ce shi kansa ya kasa gane yadda ya yi haka. Wannan na cikin abin da ke sa a yarda da shaidarsa: mutum ne mai kafiya, mai son a yi komai yadda ya tsara, ƙauna kuma koyonta ya yi da wahala, ba a haife shi da ita a tafin hannu ba.

Darasi na biyu ya zo ne bayan faɗuwa. A 1966 ya nemi gwamnan Jojiya ya sha ƙasa, ransa ya ɓaci ƙwarai. A wannan tsakanin ya ji wata huɗuba da ta yi tambaya mai nauyi: da za a kama mutum a kan zargin shi Kirista ne, za a sami isasshiyar hujjar da za a hukunta shi? Carter dikon ne a ikilisiya, yana alfahari da cewa kowace shekara yakan ziyarci gidaje don bishara. Sai ya zauna ya yi lissafi. A shekara 14 ya ziyarci gidaje 140 saboda Allah. A 'yan watannin yaƙin neman zaɓe kuwa ya gaisa da mutum kusan 300,000 saboda kansa.

Kunyar wannan lissafi ce ta kai shi aikin bishara a 1968, har birnin Springfield na jihar Massachusetts, cikin unguwar matalauta 'yan Puerto Rico. An haɗa shi da wani fasto ɗan asalin Kyuba mai suna Eloy Cruz. Carter ya ga yadda mutumin ke shiga gidajen da ba kowa ke son leƙawa ba, ya zauna, ya saurara, har masu gida su zub da hawaye. Da za su rabu ya tambaye shi sirrinsa. Faston ya ji nauyi, amma ya ce masa ƙauna biyu kawai mutum ke bukata a duniya: ta Allah, da ta duk wanda ya tsaya a gabansa a wannan lokacin. Fiye da shekara hamsin Carter yana maimaita wannan magana. Hikimarta a fili take. Son "al'umma" ko "talakawa" a dunƙule ba shi da tsada, kowane ɗan siyasa na yin sa a bakin lasifika. Wanda ke gabanka kuwa yana da suna, yana da wari, yana da bukata, wani lokaci ma shi ne ya zage ka jiya.

An gwada shi a kan wannan a 1980. Ronald Reagan ya kayar da shi a jihohi 44 cikin 50. Amurkawa 52 da aka yi garkuwa da su a Iran kwana 444 ba a sake su ba sai 'yan mintoci bayan ya miƙa mulki, ranar 20 ga Janairun 1981. Ya dawo Plains yana da shekara 56, ya tarar ana bin kamfanin gyaɗarsa bashin da ya haura dala miliyan ɗaya. Tsofaffin shugabanni kan shiga hukumomin manyan kamfanoni su tara dukiya. Shi ya koma gidan da ya gina a 1961, ya ɗauki zarto da guduma, don kafinta ne na gaske. A 1984 ya hau bas tare da 'yan sa-kai na ƙungiyar Habitat for Humanity zuwa Niyok don gyara wani ruɓaɓɓen bene ga marasa muhalli, suna kwana a majami'a. Shi da Rosalynn sun ci gaba da wannan aiki shekara 35, suka sa hannu a gidaje sama da 4,000 a ƙasashe 14. A Oktoban 2019 ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi, amma washegari yana wurin gini a Nashville da kumburarren ido, yana da shekara 95.

Inda labarinsa ya shigo ƙauyukanmu shi ne yaƙi da kurkunu. Dattawan karkara ba sa bukatar a yi musu bayaninta. Mutum ya sha ruwan kududdufi, bayan shekara guda ƙafa ta kumbura ta yi ƙuna kamar wuta, sai tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta fara leƙowa. Ba allurar rigakafi, ba ƙwayar magani, sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. A yankinmu kuma, a da, da damina take kwantar da mutum, daidai lokacin da gona ke nemansa. A 1986, lokacin da Cibiyar Carter, wadda ya kafa, ta karɓi ragamar yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa a shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya.

Gani ya kori ji. A 1988 ya je wasu ƙauyuka kusa da Accra a Ghana. Ya hango wata matashiya ya ɗauka jariri ta rungume, da ya matso sai ya ga nononta ne ya kumbura, tsutsa na fitowa daga cikinsa. Wannan mata ita ce "wanda ke gabansa", kuma bai sake juya wa cutar baya ba. Maganin mai sauƙi ne a baki, mai wuya a aikace: a tace ruwa da ƙyalle, a haƙa rijiyar burtsatse, a hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafki, a yi haka a kowane ƙauye har shekaru. A 1995 ya shawo kan ɓangarorin da ke yaƙi a Sudan suka tsagaita wuta na watanni don ma'aikatan lafiya su shiga. A Nijeriya, inda ƙidayar farko a ƙarshen shekarun 1980 ta gano masu cutar sama da 650,000, ya jawo Janar Yakubu Gowon, ɗan Wusasa, wanda ya riƙa bin ƙauyuka yana roƙon hakimai da gwamnoni. Carter bai tambayi addinin masu shan ruwan ba, da yawansu kuma Musulmi ne. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu.

A taron nan na 2015 ya ce burinsa kurkunu ta ƙarshe ta riga shi mutuwa. Bai sami wannan ba, amma a shekarar da ya rasu waɗanda suka kamu a duk duniya ba su kai mutum 20 ba, akasari a Cadi da Sudan ta Kudu.

Ƙauna a cikin gida ta fi ta waje wuya, shi ma ya san haka. Ya auri Rosalynn ranar 7 ga Yulin 1946, suka yi shekara 77 tare. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa: littafin da suka rubuta tare a 1987 ya kusa raba su saboda gardama kan yadda abubuwa suka faru. Ka'idarsu biyu ce, ba sa kwanciya da fushi, kuma kowane dare sai sun karanta Littafi Mai Tsarki tare, wani lokaci da harshen Sifaniyanci, ko ta waya in ɗaya ya yi tafiya. Akwai wata kyauta da yakan ba da labarinta. Shi mutum ne mai tsananin kiyaye lokaci, ya daɗe yana yi mata ƙorafin jinkiri. Wata shekara ranar zagayowar haihuwarta ta zo bai tanadi komai ba, sai ya rubuta mata takarda ya yi alkawarin ba zai sake buɗe baki kan makara ba har abada. Ita ta ce ba ta taɓa samun kyautar da ta kai wannan ba.

Godiyarsa kuwa tana da tushe. Mahaifinsa ya mutu yana da shekara 58, ƙannensa uku, Ruth da Billy da Gloria, duk cutar daji ta wani sashen ciki da ake kira pankiriyas ta ɗauke su tsakanin 1983 da 1990, babu wanda ya kai 65. Mutumin da ya binne 'yan ɗakinsu duka ya san cewa wayewar gari kyauta ce. Da 'yar jarida Barbara Walters ta tambaye shi wane lokaci ya fi masa daɗi a rayuwa, lokacin yana da shekara 70, bai ce shekarun mulki ba, bai ce ranar da ya sasanta Masar da Isra'ila a Camp David a 1978 ba. Cewa ya yi yanzu. Abubuwan da yake lissafawa in ya tashi godiya ƙanana ne: kamun kifi, kallon tsuntsaye, tattaki da yamma riƙe da hannun matarsa, jikoki. A 2018 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa kuɗin gidansa bai kai na motar sulke ta masu tsaronsa da ke fake a ƙofa ba. Shi ke wanke kwanonin da ya ci abinci. A majami'a, in layi ya zo kansa, shi ke yanke ciyawar harabar, Rosalynn kuma ta wanke banɗaki.

Wannan godiya ba ta ranar daɗi kaɗai ba ce. A farkon Disamban 2015 ya sanar wa 'yan ajinsa cewa hoto bai ƙara nuna cutar a ƙwaƙwalwarsa ba, majami'a ta ɗauki tafi. Makonni biyu bayan haka, ranar 20 ga watan, ya iso aji a makare, abin da ba a saba gani ba. Ya ba da haƙuri, ya ce jikansa Jeremy, ɗan shekara 28, ya rasu 'yan sa'o'i da suka wuce. Sannan ya buɗe littafi ya koyar da darasin ranar. A shekarunsa na ƙarshe na koyarwa yakan sallami baƙi da aikin gida guda ɗaya: kowa ya nemi mutum ɗaya da ke cikin kaɗaici ko bukata, ya yi masa wani alheri, ko da ziyara ce ko kiran waya.

A Fabrairun 2023 ya ce a bar kai shi asibiti, ya koma gida jiran lokaci. Rosalynn ta riga shi, ranar 19 ga Nuwamban shekarar, aka kawo shi wurin addu'arta a keken marasa lafiya. Ya cika shekara 100, sannan ya rasu ranar 29 ga Disamban 2024. A babbar majami'ar Washinton, ranar 9 ga Janairun 2025, an karanta yabon da Gerald Ford ya rubuta masa tun kafin shi Ford ya mutu a 2006. Ford shi ne mutumin da Carter ya kayar a zaɓen 1976, daga baya suka zama aminai har suka yi alkawarin wanda ya rage zai yi jawabin bankwana ga ɗan'uwansa. Da yammacin ranar aka dawo da gawar Plains, aka shigar da ita Maranatha, ƙarƙashin gicciyen katako da ya sassaƙa da hannunsa, a majami'ar da ake zagaya kwanonin baiko da shi ya ƙera. Daga nan aka kai shi harabar gidansa, aka kwantar da shi kusa da Rosalynn, a gefen tafkin da suke hangowa daga ƙofar ɗaki.