Yini Guda A Kano Da Jakar Abba

Tun ina ƙarami na san jakar nan. Baƙar jakar fata ce, tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin Abba a gidanmu na Bichi, kuma doka ce babu yaron da ke taɓa ta. Abba mai hoto ne. Kafin wayoyi su cika gari, in ana suna ko ɗaurin aure ko saukar karatu, shi ake aika wa. Da ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa, aka zo rabon gado. An yi wa gida da gona da babur kuɗi ba tare da gardama ba, domin kowa ya san farashinsu. Da aka zo kan jakar sai aka yi cirko-cirko.

Wani ya ce tarkace ne, a ba yara su yi wasa. Wani ya ce ya ji ana sayen irinta da miliyoyi a Turai. Baffa, ƙanen Abba, shi ya kashe maganar. Ya ce, "Dukiyar marayu ce. Ko allura ce sai an san kuɗinta." Sai ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan jami'a. Ka kai ta Kano ka tambayo. Kada ka sayar sai ka ji bakin mutum uku, kuma ka kira ni kafin ka sallama."

A daren na zazzage jakar a kan tabarma. Akwai kyamara mai nauyi, an rubuta mata Asahi Pentax K1000. Akwai gilashin gaba guda biyu, gajere da dogo, irin wanda ake cirewa a maƙala wani. Akwai fitilar walƙiya, da fim uku da ba a buɗe ba, da wani ƙunshi na tsofaffin ambulan. Ban san kuɗin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ranar Asabar da sassafe na shiga mota, jakar na kan cinyata. Muka wuce Dawanau, inda tireloli ke jere ana loda buhunan hatsi, muka ratsa Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna, na sauka a Ƙofar Ruwa. Wanda bai taɓa zuwa ba, wurin ƙarafa ne da kayan gini da kayan gyaran mota, ƙarar guduma ba ta yankewa. A nan na sami tayin farko, ban ma nema ba. Na buɗe jakar don in tabbatar komai na nan, sai wani ɗan jari-bola ya leƙo. Ya ɗauki kyamarar, ya jinjina nauyinta a tafin hannu kamar mai sayen doya, ya ce, "Naira 3,000." Shi ƙarfe yake gani, kuma ba laifinsa ba ne. Na ce albarka, na tari adaidaita sahu.

Na nufi Kasuwar Kurmi a cikin birni. Tarihi ya nuna an kafa ta tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, lokacin da fatake ke zuwa Kano ta hamada. Lungunanta ƙanana ne, mutum biyu da ƙyar suke giftawa. Warin jima da ƙamshin kanumfari da turare duk sun gauraye. Na wuce dukawa da masu kayan doki, na isa wajen masu tsofaffin kaya, inda takubba da tasoshin tagulla da duwatsun wuya ke rataye. Wani dattijo ya karɓi kyamarar, ya goge ta da gefen rigarsa.

"Tana aiki?" ya tambaye ni.

"Ban sani ba, Alhaji."

"To ni ma ban sani ba. Zan ba ka 15,000. Masu otal da masu shagon kwalliya suna sayen irinta su ajiye don ado."

Kuɗin ya ninka na farko sau biyar, har zuciyata ta ɗan motsa. Amma na tuna maganar Baffa. Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce in ina son wanda ya san cikinta, in tafi Sabon Gari in nemi masu gyara.

A hanya na ratsa ta Titin Beirut, inda ake hada-hadar wayoyi da kwamfutoci. Samari suka kewaye ni suna tambayar me zan sayar. Da na fito da ita, ɗaya ya juya bayanta ya ce, "Ina allon da ake ganin hoton?" Wani ya ce, "Ina wurin caji?" Suka yi dariya, ni ma na yi, amma jikina ya yi sanyi. Na fara tunanin ko mai cewa tarkace ne shi ke da gaskiya.

Sabon Gari unguwa ce da ta girma bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, ta zama mazaunin baƙi daga Kudu da ma wasu ƙasashe. Za ka ji Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka a layi guda. Sai da na tambayi mutum huɗu, ciki har da wani mai hoton fasfo, kafin na gano shagon. Ɗan ƙarami ne, a ƙarƙashin matattakalar wani tsohon bene. Mai shagon tsoho ne Bayarabe, haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa. Teburinsa cike yake da ƙananan sukurori da agogo da gawarwakin kyamarori.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, kayan mahaifina ne. Ya rasu. So nake in san kuɗinsu."

Ya yi mini ta'aziyya, ya nuna mini benci. Bai yi maganar kuɗi ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera kayan a kai ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ya ja wani maɓalli sama, bayan kyamarar ya buɗe. Ya nuna mini wani baƙin labule na ƙyalle a ciki. Ya ce wannan labulen ne ke buɗewa haske ya faɗa kan fim, sannan ya rufe. A saman kyamarar akwai wata ƙaramar dabara mai lambobi daga 1 zuwa 1000. In ka sa 1, labulen zai buɗe na daƙiƙa guda. In ka sa 1000, zai buɗe na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ya kara ta a kunne yana danna su bi da bi, yana saurare kamar likita. Ya haska tocila ta bayan labulen don ya ga ko akwai huji. Babu.

"Ka ga ban sa batir ba," in ji shi. "Wannan da ƙarfe da sifirin take aiki, kamar agogon wani. Batirin nata ɗan ƙarami ne, aikinsa auna haske kawai."

Ya sa kwabo ya kwance murfin da ke gindinta, ya duba ko tsohon batir ya zubar da ruwa. Wurin tsaf yake. Ya sa sabo, ya miƙo mini ya ce in leƙa. Na ga wata siririyar allura a gefen dama. Da na fuskanci ƙofa ta yi sama, da na juya cikin duhu ta sauko. Rabona da in sa ido a wannan tagar tun ina ɗan shekara bakwai, ranar da Abba ya ɗora ni a cinyarsa ya bar ni na leƙa.

Daga nan aka zo kan aibi. Soson da ke gefen murfin baya, wanda ke hana haske shiga, ya narke ya zama kamar kwalta, sai an canja. Gajeren gilashin, mai lamba 50, garau yake. Dogon kuwa, da ya haska shi, na ga wasu zare-zare a ciki kamar saƙar gizo. Ya ce fumfuna ce, danshin damina ne ke kawo ta idan an bar gilashi a rufe cikin jakar fata, kuma in ta daɗe tana cin fuskar gilashin har abada. Fitilar walƙiya ta mutu, domin an bar batura a ciki sun zubar da ruwa sun cinye ƙarfen. Fim ukun wa'adinsu ya ƙare tun 2006.

Na ce, "Baba, an ce mana ana sayen irinta da miliyoyi."

Ya yi murmushi. "Yarona, tsufa daban, ƙaranci daban." Ya ce kamfanin ya yi ta ƙera wannan samfurin daga 1976 har 1997, an yi miliyoyi, don haka ba abu ne mai wuyar samu ba. Darajarta ita ce tana aiki, ga sauƙin koyo, shi ya sa masu koyon hoto ke nemanta. Ya nuna mini sunan Asahi a goshinta. Ya ce an fara yin su a Japan, daga baya aka koma Hong Kong, sannan Sin, kuma na ƙarshen an cire musu wannan sunan, an yi musu murfin roba. Ta Abba mai murfin ƙarfe ce, masu saye sun fi son irinta.

Na fito da wayata na nuna masa farashin da na gani a eBay. Ya ce in duba da kyau, kuɗin da mai kaya ya sa ne ko kuɗin da aka saya? Na bincika, na ga akwai wurin da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar, kuma kuɗinsu bai kai wancan ba. Ya ƙara da cewa mai saye a London yana da shagon fim da wurin wanki a kusa da shi, mai saye a Kano kuwa sai ya yi oda. Ga kuɗin aikawa, ga haɗarin a dawo maka da kaya. Har yau Kodak da Ilford suna yin fim, a 2024 ma Pentax ta fito da sabuwar kyamarar fim, amma kasuwar kowane gari da nata farashin.

Ya ce ya san wani matashi mai ɗaukar hoton biki da ke neman irinta, in na yarda zai kira shi. Ya faɗi la'adarsa tun kafin a fara, naira 4,000 har da ladan dubawa. Bayan la'asar matashin ya iso. Baba ya lissafa masa aibin kayan duka a gabana, bai ɓoye ko ɗaya ba. Ya taya 70,000, na ce albarka. Muka yi ta ja har ya tsaya a 100,000. Na kira Baffa na karanta masa tayin uku da bayanin mai gyara. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Sallama masa. Allah Ya sa albarka." Muka rubuta takarda da lambar jikin kyamarar, Baba da maƙwabcinsa suka sa hannu.

Saura ambulan. A ciki akwai ɗaruruwan fim da aka wanke, irin wanda in ka ɗaga a haske za ka ga mutane fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Matashin ya ce zai ƙara kuɗi in haɗa masa. Na sake kiran Baffa. Ya ce, "A'a. Fuskokin matan mutane ne da 'ya'yansu. Amana aka ba mahaifinka." Umma da ƙannena ma, da na koma, haka suka ce.

A mota na yi lissafi. An cire 4,000, saura 96,000. Iyayen Abba sun riga shi rasuwa, don haka magada mu huɗu ne. Umma tana da kashi ɗaya cikin takwas, wato 12,000. Sauran 84,000 aka kasa huɗu, ƙannena mata biyu kowacce 21,000, ni 42,000. Ba dukiya ce mai yawa ba, amma da na sallama a Ƙofar Ruwa, da kowacce daga cikin yaran nan ba ta sami ko 700 ba. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Ƙannena ɗalibai, in akwai irin wannan jakar a gidanku, ku roƙi izini ku cire baturan da ke ciki yau, ku ajiye kayan inda babu danshi. Kada ku goge gilashi da gefen riga, kada ku tilasta abin da ya ƙi motsi. In mai ita yana raye, ku zauna ya koya muku. Ni ban yi ba.

Da daddare muka taru muna ɗaga fim ɗin a gaban fitila. Hotunan Abba ba su da yawa a gidanmu, domin kullum shi ne a bayan kyamara. Can Umma ta ce, "Tsaya, koma baya." Ɗakin wata amarya ne, an jera kwanuka a kabad. A jikin gilashin kabad ɗin ga inuwar wani saurayi siriri, ya karkata hula, ya rufe ido ɗaya, kyamara ta kare rabin fuskarsa. Shi muka fara kaiwa aka fitar mana a takarda.